Wa ya taɓa duba iskar ɗakin maigadi?

Sana'ata gyaran esi da firji ce. A Agege aka haife ni, nan na koyi aikin, kuma ta dalilinsa na shiga wuraren da ko masu wurin ba sa leƙawa: saman silin na ofisoshin Ikeja da Victoria Island, bayan gidajen burodi, ɗakunan sanyi na kifi, lungun da ake ɓoye janareto. Abin da idona ya gani a waɗannan wurare ya daɗe yana ci min rai, amma ban ɗauki alƙalami ba sai da abin ya taɓa gidanmu.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, gadi yake yi a wani kamfani. Kusan wata uku ya yi yana fama da ciwon kai da asuba, da jiri, da tashin zuciya, ƙafafu kamar an ɗaura musu dutse. Ya je kemis aka ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro. Bai ji sauƙi ba, aka ce taifot ne, ya shanye wannan ma. Daga nan mutanen gida suka fara cewa iska ce ta buge shi, wasu suka ce hannu aka sa masa, aka shiga rubutu da tofi. Abin da ba wanda ya lura da shi, har da ni, shi ne duk ranar da ya samu hutu ya zo Agege ya kwana biyu, sai ka gan shi garau yana hira a ƙofar masallaci. Ya koma bakin aiki, ciwo ya dawo.

Wani dare bayan isha'i na kai masa saƙo. Ina shiga na ji ƙarar ƙaramin injin fetur kusa-kusa. Ashe saboda tsadar dizal, kamfanin ya daina kunna babban janareto da dare, aka sayo ƙarami don fitilun waje da kyamarori. Gudun ɓarayi da ruwan sama ya sa aka cusa shi a siririn lungun da ke tsakanin ɗakin Kawu da katanga, aka rufa masa kwano. Bakin salansar yana kallon 'yar tagar ɗakin, ita kaɗai ce taga, ƙofa kuwa Kawu na rufe ta saboda sauro.

Na ce, "Kawu, tun yaushe aka ajiye injin nan a nan?"

Ya ce, "Tun bayan ƙaramar salla."

"Ciwon kan fa?"

Ya yi shiru yana lissafi da yatsu. Can ya ɗago ya ce, "To amma ɗan nan, ni in na kwanta ba na jin warin komai."

Nan ne haɗarin yake. Abin da ke kisa a hayaƙin injin fetur wata iska ce da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. In ta shiga huhu sai ta wuce cikin jini ta maƙale a gurbin da iskar oksijin ke zama, kuma riƙon da take yi wa jini ya fi na oksijin ƙarfi sau fiye da 200. Mutum yana numfashi daidai, amma ƙwaƙwalwa da zuciya suna yunwar iska. Wanda yake farke zai ji ciwon kai ya fita waje. Wanda yake barci, sau da yawa daga barcin sai kabari. Duk mai sauraron labarai a ƙasar nan ya sha jin an wayi gari an tarar da iyali guda ba rai a ɗaki, a fara zargin abincin dare ko maƙiya, daga baya a gano janareto ne a baranda. Mu Hausawa kalma ɗaya muke kiran abin da muke shaƙa da abin da muke tsoro a tsakar dare. Waɗanda suka ce iska ce ta kama Kawu ba su yi ƙarya ba, sai dai iskar ta injin ce, kuma maganinta a matsar da injin.

Washegari na nemi ganin manajan wurin. Mutumin kirki ne, ya saurare ni, har ya ɗauko wani fayil mai kauri ya nuna min cewa suna da takardar tantance haɗari, an sa hannu, an buga hatimi. Na buɗe. An rubuta tukunyar kashe gobara, an rubuta matattakala, an rubuta santsin tayil in an yi mofin. Na ce, "Yallaɓai, ina ɗakin maigadi?" Ya duba, ya sake dubawa, sannan ya ce ai wanda ya rubuta musu takardar cikin ginin kawai ya zagaya.

Wannan amsa ita ce ta sa ni rubutun nan. A ganina, duk takardar tantance haɗarin da ba ta kai inda ƙaramin ma'aikaci yake tsayuwa ba, ba a tantance komai ba. Iskar wurin aiki amana ce a wuyan mai wurin, daidai da albashi. Ma'aikaci yana iya zuwa da ruwansa a gora, ya zo da abincinsa a kula, amma ba ya zuwa da iskarsa. Abin da aka tanada masa shi zai shaƙa, awa takwas, awa goma sha biyu, maigadi kuwa dare da rana, don wurin aikinsa shi ne makwancinsa. Kuma a Legas, in aka ce maigadi, ko ɗan dako, ko mai haƙar rijiya, ko mai kwana a shago yana tsaron kaya, kowa ya san 'ya'yan wa ake nufi.

Kada wanda ke zaune a ofis mai sanyi ya ɗauka maganar ba ta shafe shi ba. Akwai abin da nake maimaita wa masu ba ni aiki har na gaji: esin nan da ake maƙalawa a bango ba ya kawo sabuwar iska daga waje. Iskar cikin ɗakin yake zuƙa, ya sanyaya ta, ya mayar maka da ita. Bututun da ka ga ya fita waje gas ne da ruwa ke bi ta ciki. To ka ɗauki ɗaki guda, ka zuba mutum goma sha biyar, ka rufe tagogi da gilashin da ba ya buɗuwa, ka sa abin da ke mayar da ƙofa da kanta. Daga safe zuwa azahar, numfashin juna suke sha. Iskar waje tana ɗauke da kabon dayoksaid, wato irin iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, kusan kashi 420 cikin miliyan. Masana harkar gine-gine suna ɗaukar cewa in ta wuce 1000 a cikin ɗaki, alama ce iska ba ta sauyawa yadda ya kamata. Shi ya sa da ƙarfe biyu ake ganin hamma da nauyin kai da kasala, a ɗora laifin a kan abincin rana. Sanyi ya ruɗe mu, mun ɗauka duk ɗakin da ya yi sanyi iskarsa mai kyau ce.

Sannan ga cikin na'urar kanta. Ba a cika kirana ba sai esi ya daina sanyi ko ya fara ɗigar ruwa a kan takardu. In na cire murfin, rariyar da ya kamata a riƙa wankewa duk bayan 'yan makonni sai in tarar ta zama kamar bargo. Bayanta, a jikin ƙarafan da ke sanyaya iska da kwarin da ruwa ke bi, baƙar funfuna ce shimfiɗe, saboda Legas gari ne mai laima, ba irin busasshen Kano ko Sakkwato ba, kuma funfuna ba abin da take so kamar duhu da danshi. Fankar ciki tana kaɗa wannan duka zuwa hancin mutane. Mai asma shi ne ke fara ji, sai masu atishawa da ƙaiƙayin ido da ba ya ƙarewa. A manyan gine-gine masu na'urar sanyaya ta tsakiya, wadda ke aiki da ruwa a saman bene, abin ya fi haka nauyi. A 1976, a birnin Philadelphia na Amurka, tsofaffin sojoji suka yi taro a wani otal, bayan sun watse mutum wajen 200 suka kamu da ciwon huhu mai tsanani, kusan 30 suka mutu. Bincike ya gano wata ƙwayar cuta da ba a san ta ba a lokacin, wadda ke hayayyafa a ruwa mai ɗumi da ya kwanta, irin na na'urar sanyaya gini. Daga nan ƙasashe da dama suka wajabta wanke irin waɗannan na'urori da ajiye tarihin wankin a rubuce. Ni a wuraren da na yi aiki, da wuya in tarar da littafin da aka rubuta ranar da aka yi wankin ƙarshe.

Mun samu damar koyon darasi mun sake ta. A ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya, a nan Legas. Aka cika ƙofofi da bokitin wanke hannu da abin auna zafin goshi, alhali cutar ta fi yaɗuwa ta iska a rufaffen wuri mai cunkoso. Korona ta lafa, amma tarin fuka yana nan, Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu ɗauke da shi a Afirka, kuma hanyarsa ke nan: mutum ɗaya mai tari, ɗaki rufe, awanni masu yawa. Ka tuna shagunan ɗinki da ke cikin filaza, teloli shida a wurin da bai kai ɗakin kwana ba, da dutsen guga na gawayi a gefe.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta: kuɗi. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga masu layin da ake kira Band A a Afrilun 2024, kowane mai sana'a yana neman inda zai rage. Ban raina wannan ba, ni ma fetur nake saya. Sai dai na lura da abin da ake fara kashewa: fankar da ke zuƙe hayaƙi ta fitar waje, a kicin, a gidan burodi, a wurin fenti. Ita ce ba ta kawo ciniki a ido, ita ce in an kashe ta oga ba ya ji a jikinsa, don ba shi ne a gaban tanda ba. Ana kashe ta, ana matso da janareto kusa don a rage tsawon waya, ana toshe taga don kada sanyi ya fita. Kowane mataki yana da hujjarsa ta kuɗi, kuma huhun wani ne ke biyan ragowar. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da ƙiyasin haɗin gwiwa cewa a 2016 mutum miliyan 1.9 ne suka mutu ta dalilin aikinsu, kuma wajen 450,000 daga cikinsu ƙura da hayaƙi da gurɓatacciyar iskar wurin aiki ce ta kashe su. Irin wannan mutuwa ba ta yin ƙara kamar ruftawar bene. Mutum yakan koma gida Arewa da tari, a ce Legas ta cinye shi, a yi jinya a binne, kamfani kuwa ya riga ya ɗauki wani.

Kuma ba zan ce buɗe taga ya gama komai ba. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2018 gurɓatar iskar waje ta jawo mutuwar mutum wajen 11,200 a Legas, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Shagon da ke bakin titin Ikorodu ko hanyar Apapa, inda tireloli ke tsaye injinsu a kunne, in ya buɗe ƙofa baƙin hayaƙin dizal ne zai shigo, wanda hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo wannan cuta tun 2012. Shi ya sa abin ke buƙatar tunani, a duba ta ina iska ke shigowa, ta ina take fita, me take tararwa a hanya. Wannan shi ne tantance haɗari, ba wani abu ba.

Yanzu bari in juyo gida, don ba daidai ba ne in yi ta nuna kamfanonin wasu kamar mu ba mu ɗaukar ma'aikata. Muna da masu gidan burodi, masu injin niƙa da markaɗe, masu shagon walda, masu sito a Mile 12, dillalan da ke da yara a mayanka. Yaron da ke juye buhun fulawa cikin ƙura har girarsa ta yi fari, wannan ƙurar tana jawo asma, sananniyar cuta ce ta masu burodi a duniya. Mai walda a cikin kwantena da ƙofa ɗaya yana shan hayaƙin da aka tabbatar a 2017 cewa yana jawo kansar huhu. Masu babbakar kai da ƙafa da ganda da tsohuwar taya suna tsaye cikin baƙin hayaƙi tun asuba. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne aikin rijiya da yasar masai. A saukar da injin jan ruwa na fetur cikin rami, hayaƙi ya taru a ƙasa, na ciki ya faɗi, ɗan'uwansa ya dira don ya cece shi, shi ma ya faɗi, na uku ya biyo. Zumunci ne ke kashe na biyu da na uku, da rashin wanda ya taɓa gaya musu cewa ramin da ya kayar da mutum ɗaya zai kayar da duk wanda ya shiga ba da igiya da iska ba. In abin ya faru sai mu ce kwana ya ƙare. Na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi, amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ya koya mana a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah, shi ya hana cuta da cutarwa. Alhajin da ya san yaransa suna tari a sitonsa ya ƙi fasa taga, yana da tambayar da zai amsa.

Wani zai ce ai na raba musu takunkumi. Takunkumi shi ne matakin ƙarshe, ba na farko ba. Na farko a kawar da abin gaba ɗaya in zai yiwu, kamar fitar da inji waje. In ba zai yiwu ba a sauya, a yi babbaka da gas maimakon taya. In ba haka ba a kama hayaƙin tun daga bakinsa da bututu da fanka. Sai duk an yi waɗannan ake zuwa kan abin rufe hanci. Kuma takunkumin tsumma ko na asibiti ba ya tare kabon monoksaid ko kaɗan, ba ya tare tururin fenti.

Doka tana nan a rubuce. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta tsafta, ta hana cunkoso a ɗakin aiki, ta ce a samar da isasshiyar iska, a kuma fitar da ƙura da hayaƙi masu cutarwa. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta sa masu ɗaukar aiki su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun inshorar ma'aikata na gwamnatin tarayya, wato NSITF, kuma ta haɗa da cututtukan da aiki ke jawowa, ba karaya da yankewar yatsa kaɗai ba. Jihar Legas ta kafa hukumarta ta kiyaye haɗurra a 2011, ga LASEPA mai kula da muhalli. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 155 kan lafiyar ma'aikata tun 1994. Matsalar ita ce dokar 1987 masana'anta ta sa a gaba, tarar da ke cikinta kuma ta zamanin da naira ke da nauyi ce, sannan galibin mutanenmu suna aiki ne ba takarda, ba suna a rajista, wani ma ta hannun ɗan kwangila aka kawo shi. Wanda sunansa ba ya cikin littafin albashi, ɗakinsa ba zai shiga takardar tantance haɗari ba. Ina roƙon jami'an da ke zagayen duba wurare su fara daga bakin get kafin su hau bene, su tambayi inda janareto yake da wanda ke kwana kusa da shi. Tambaya ce ta minti biyu.

Amma ba na jin za mu zauna jiran jami'i. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ma'aikaci ya san sa'ar da hayaƙi ya fi yawa, ya san wanda ke yawan ciwon kai, sai dai yana tsoron faɗa, don a Legas bayan kowane mai aiki akwai goma da ke jira. Mai wuri ne ya kamata ya sauko ya tambaya, kuma ya zo a lokacin da abin ya fi muni, da dare in an kunna inji, ko da asuba in an hura tanda, ba da hantsi da aka share wuri ba. Ya tsaya inda yaron ke tsayuwa na rabin awa. In mutum biyu ko uku a wuri ɗaya suna kukan ciwo iri ɗaya, suna samun sauƙi ranar hutu, to a bar zargin sauro a dubi wurin. Abin da aka gano a rubuta shi ko a littafin makaranta ne, da wanda zai gyara da ranar gyarawa, a kuma sake dubawa duk lokacin da aka sauya wani abu. Kamfanin su Kawu sauyin inji kawai suka yi, haɗarin da babu shi jiya ya samu yau, takardarsu kuwa tana nan yadda aka rubuta ta tun farko.

Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da sauran unguwanni, da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, da limamai, suna da bakin da gwamnati ba ta da shi a wajen mutanenmu. Yaron da ya sauka daga tirela jiya, wurinsu yake fara zuwa. A gaya masa abu kaɗan: kada ya kwana kusa da injin da ke aiki, a nisanta shi da ƙofa da taga aƙalla mita 6, bakin salansa na kallon wani gefen, kada ya shiga da gawayi ɗaki ya rufe, in ya tarar da wani a sume a irin wannan wuri ya buɗe ƙofa, ya fitar da shi sarari, a kira 112 ko 767, a kai shi asibiti a sa masa oksijin. Manja da madara da ake ɗura wa wanda ya suma ba sa cire gubar daga jini, sai ma su shaƙe shi. Akwai kuma 'yar na'ura mai batir, ba ta fi tafin hannu ba, da ke ihu in kabon monoksaid ya taru a ɗaki. Duk wanda ke da halin sayen janareto yana da halin sayen ta.

Manajan su Kawu, Allah ya saka masa, bai yi gardama ba. Cikin mako aka mayar da injin can ƙarshen fili, aka yi masa kejin ƙarfe da kwaɗo saboda ɓarayi, aka ƙara waya. Ni na fasa masa taga ta biyu na sa raga. Kawu bai sake sayen maganin taifot ba.

Ranar da na je duba aikin, ina fitowa na ji ƙarar wani injin ta bayan katanga. Na leƙa gidan da ke maƙwabtaka. Maigadin yaro ne matashi, daga hausarsa na gane mutumin wajen Maraɗi ne, ga tabarmarsa da butarsa a ƙofar ɗaki, ga inji bai fi taku uku da shimfiɗarsa ba. Na yi masa bayani kamar yadda na yi wa Kawu. Ya saurara da ladabi, ya ce ya gode, amma oga ya yi tafiya, kuma shi bai isa ya taɓa injin ba sai ya dawo. Na ce to aƙalla ya fito da tabarmar waje ya kwana a sarari. Ya ce, "Malam, ai damina ce."